Kunnen Rediyo: Yadda Sabha Ta Riƙa Jin Na Nesa

Sabha gari ne da komai ke zuwar masa daga nesa. Tarabulus na can bakin teku, tafiyar da ta haura kilomita 700 a mota. Alƙahira na gabas, kusan kilomita 1,700 a miƙe, Kano kuma na kudu, kimanin 1,800. A zamanin ayari labari bisa raƙumi yake tafe. Fataken da suka taso daga Kano suka bi ta Agadas da Gat zuwa Gadamus, da waɗanda suka taso daga Kukawa suka bi ta Bilma suka sauka Murzuk, su ke kawo wa Fezzan labarin ƙasar Hausa da Barno. Kafin a ji rasuwar wani sarki, magajinsa ya yi watanni a kan gado. Italiyawa suka zo suka gina ganuwarsu bisa tudun da ke kallon garin. A Janairun 1943 sojojin Faransa ƙarƙashin Leclerc suka hauro daga Chadi suka karɓe yankin, suka riƙe shi har Libiya ta sami 'yancin kai ranar 24 ga Disamba 1951, Sabha ta zama mazaunin gwamnatin lardin Fezzan.

Ba a jima ba wani abu ya shigo garin wanda bai biyo hanyar raƙumi ko ta mota ba. Ranar 4 ga Yuli 1953 gidan rediyon Sautul Arab, Muryar Larabawa, ya fara magana daga Alƙahira. Da rikicin mashigin Suwez ya ɓarke a 1956, muryar Jamal Abdul Nasir da ta mai gabatarwa Ahmad Sa'id sun zama abin da ake zaman jira a garuruwan Larabawa. Cikin masu sauraro a Sabha har da wani ɗan makaranta, Mu'ammar Gaddafi, wanda ya yi karatu a garin daga wajen 1956 zuwa 1961, shekarar da aka kore shi bayan ya jagoranci zanga-zangar ƙin ɓallewar Siriya daga tarayyarta da Masar. Shekara takwas bayan haka, ranar 1 ga Satumba 1969, shi ne ya shiga gidan rediyon Bengazi ya yi shelar kifar da Sarki Idris.

Masu tarihi sun yi rubutu mai yawa a kan wanda ya yi magana da abin da ya faɗa. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda aka yi aka ji. Kafin saƙon Alƙahira ya iso wayar eriya a Sabha, ya hau sama ya bugi wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa, ya raunana har ƙarfinsa bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin miliyan na bolt ɗaya ba. Lasifika ba ta motsi da irin wannan. Sai an ninka shi dubban dubbai. Kuma duk wannan ninkin yana rataye ne a kan ɗan ƙaramin sashen da saƙon ke fara shiga, wato amfilifayar farko da ke bayan eriya. Ita ce kunnen rediyo, kuma a garin da ke nesa da kowace tasha, ita ke yanke wa mutum abin da zai ji da abin da zai wuce shi.

Tun 1906 Lee de Forest a Amurka ya ƙera bawul mai ƙafa uku, kwalba mai kama da ƙwan lantarki wadda ƙaramin sigina ke iya juya babban lantarki a cikinta. Edwin Armstrong ya zo a 1918 da tsarin da har gobe yawancin rediyoyi ke bi, inda ake sauko da kowace tasha zuwa zango guda kafin a ninka ta. Injiniyoyin lokacin sun ɗauka an gama: in sigina ya yi rauni, a ƙara bawul, in bai isa ba a ƙara wani. Sai suka ci karo da abin da ba su zata ba. Suna ƙara ninki, wani sautin shuuu yana ƙaruwa tare da shi, ko da an cire eriya gaba ɗaya. Hayaniyar daga cikin akwatin take fitowa.

Walter Schottky a Jamus ya bayyana rabin dalilin a 1918. Lantarki ba ya kwarara sumul, ƙwayoyin ilektiron ne ke tsallakawa ɗaya bayan ɗaya ba bisa ƙa'idar lokaci ba, kuma rashin daidaiton nan shi kunne ke ji. Sauran rabin ya fito a 1928 daga ɗakin binciken Bell, ta hannun mutum biyu da aka haifa a Suwidin, John Johnson da ya auna, da Harry Nyquist da ya fitar da lissafin. Sun nuna cewa duk abin da lantarki ke bi ta cikinsa, in dai yana da ɗumi, ilektiron ɗinsa na rawar jiki, kuma rawar tana haifar da hayaniya ko ba a haɗa batir ba. Yawanta ya dogara da abu biyu da injiniya zai iya taɓawa: zafin abin, in an auna shi da ma'aunin Kelbin wanda ke farawa daga ƙarshen sanyi, da kuma faɗin zangon da aka buɗe ana sauraro.

Batun faɗin zango shi ne tushen wahalar sana'ar nan. Tashar gajeren zango ba ta bukatar fiye da kilohaz 6 ko makamancin haka. Hanya guda ta talabijin a tauraron ɗan'adam kuwa tana kai megahaz 36. Ninki dubu shida ke nan, kuma hayaniyar da za ta shigo ta ninku dubu shida. Duk wanda ya ce zai ƙera amfilifaya mai faɗin zango kuma mai ƙarancin hayaniya, abubuwa biyu masu jan juna ya ɗauko.

A 1944 Harald Friis, ɗan asalin Denmak da shi ma ke aiki a Bell, ya tsara lissafin da har yau ɗalibin injiniya ke farawa da shi. Ya nuna cewa in aka jera matakan amfilifaya, hayaniyar matakin farko tana shiga dukkanta, ta na biyu kuwa sai an raba ta da ninkin na farko. In na farko yana ninka sigina sau 100, laifin na biyu ya koma kashi ɗaya cikin ɗari, na uku ma ba a zancensa. Wanda ya san filin idi kafin zuwan lasifika ya san haka yake: ladanai ne ke karɓar kabbarar liman suna miƙa wa na baya, kuma in na kusa da liman bai ji daidai ba, ƙarfin muryar sauran ba zai gyara komai ba. Lissafin Friis ya ƙara da wani gargaɗi. Duk asarar da aka yi kafin matakin farko, ko a doguwar waya ko a mahaɗin da ya yi tsatsa, ba ta dawowa. Wayar da ta cinye rabin sigina ta ninka illar hayaniya sau biyu, ko da amfilifayar da ke gaba ta fi kowace kyau a duniya.

Yaƙin duniya na biyu ya matsa wa binciken lamba, domin na'urar hango jiragen sama tana sauraron amon da ya dawo ne, kuma kunnen da ya fi kaifi shi ke fara ganin jirgin abokin gaba. Daga aikin da aka yi a jami'ar MIT ne Henry Wallman da abokan aikinsa Macnee da Gadsden suka wallafa wani tsari a 1948. Bawul mai ƙafa uku ya fi mai ƙafa biyar shiru, amma yana da halin mayar da sigina baya har ya fara kuka da kansa. Sai suka ɗora ɗaya bisa ɗaya, na ƙasa ya karɓi sigina, na sama ya tare masa komawar. Wannan gini ya shiga akwatunan talabijin na shekarun 1950, kuma har yanzu yana nan cikin wayar salula, an dai maye bawul da tiransisto.

Amma faɗin zango bai zo da sauƙi ba. Akwai yanayin haɗi tsakanin eriya da amfilifaya wanda ke sa ƙarfin sigina ya shige duka ba tare da wani ya koma baya ba, akwai kuma wanda ke sa amfilifayar ta fi yin shiru, kuma ba kasafai biyun ke haɗuwa wuri ɗaya ba. A kan zango guda siriri, ɗan naɗin waya a ƙafar tiransisto kan kusanto da su. A kan zango mai faɗi, Hendrik Bode a 1945 da Robert Fano a 1950 sun tabbatar da lissafi cewa akwai iyaka: in ka faɗaɗa, sai ka rage kyawun haɗin. Hanya mafi sauƙi ita ce dabarar da Harold Black ya gano a 1927, a ɗebi kaɗan daga abin da ya fito a mayar da shi mashiga a juye, sai ninki ya ragu amma ya daidaita ko'ina. Matsalar ita ce resisto ake mayar da shi ta ciki, resisto kuwa shi ne ainihin abin da Johnson ya kama yana hayaniya. A 1975 David Norton ya fito da mafita mai kyau ƙwarai: maimakon resisto, a yi amfani da 'yar taransifoma. Wanda ya taɓa naɗa ta ya san ƙanƙantarta, ɗan baƙin dutsen ferit mai huda biyu da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, a zura siririyar wayar tagulla zagaye ɗaya a gefe guda, zagaye da yawa a ɗaya gefen. Taransifoma ba ta cinye ƙarfi, don haka kusan ba ta ƙara hayaniya. A farkon shekarun 2000 kuma Bruccoleri da Klumperink da Nauta na jami'ar Twente a Holan suka nuna wata dabara ta daban. Sun bar tiransiston mashiga ya yi hayaniyarsa, sannan suka ɗebo ta daga wurare biyu suka haɗa ta yadda hayaniyar za ta kashe kanta, sigina kuma ya ƙaru.

Sai dai duk wannan bai zama babbar damuwar mai sauraron gajeren zango a Sabha ba, kuma dalilin yana da ban sha'awa. Kamfanin Bell ya sa wani matashi, Karl Jansky, ya gano abin da ke ɓata wayar tarho ta rediyo tsakanin Amurka da Turai. Ya gina eriya mai juyawa bisa tayoyin mota ƙirar Ford, ya saurari megahaz 20.5. Ya sami tsawar kusa, ya sami tsawar nesa, ya kuma sami wani huci mai dawowa duk bayan awa 23 da minti 56, wanda ya gano daga tsakiyar rukunin taurarin da duniyarmu ke ciki yake fitowa. Abin da wannan ke nufi ga mai rediyo shi ne, a gajeren zango hayaniyar waje ta fi ta cikin akwati yawa nesa ba kusa ba. Afirka ta tsakiya na cikin wuraren da suka fi ko'ina walƙiya a duniya, kuma tartsatsin kowace walƙiya yana tafiya dubban kilomita ta hanyar da saƙon tasha ke bi. Mutum na zaune a Fezzan, inda shekara kan wuce ba a ga ruwan kirki ba, amma yana jin ƙaras-ƙaras na daminar ƙasar Hausa da Kwango a cikin rediyonsa. In iskar gibli ta taso da yashi, ƙwayoyin yashin ma kan tara lantarki a kan doguwar eriya.

Don haka a nan abin da ake nema ga matakin farko shi ne juriya. Manyan tashoshin duniya na watsa shiri da kilowat 250 har 500, kuma da daddare sukan faɗo wa eriya gaba ɗaya. Amfilifayar da aka buɗe wa zango mai faɗi, in ba ta da juriya, sai ta fara cakuɗa su ta haifi tashoshin ƙarya a inda babu tasha. Mafi munin irin wannan cakuɗi yana ƙaruwa da desibel uku duk lokacin da siginan da suka haife shi suka ƙaru da desibel ɗaya. Kowane tsohon mai gyaran rediyo ya san alamar ko bai san lissafin ba. A ɗaura wa ƙaramin rediyo doguwar waya har kan bishiya don a ƙara masa ji, sai tashoshi uku su hau kan juna, wadda ake nema ta ɓace. Maganin shi ne a rage wayar. Juriya kuma tana cin lantarki, mai batir kuwa lissafin batir yake yi, shi ya sa rediyon talaka ya daɗe yana fama da wannan.

An ƙirƙiro tiransisto a Disamban 1947, rediyon aljihu na farko, Regency TR-1, ya shiga kasuwa a 1954, kamfanonin Japan irin su Sony suka biyo baya suka karya farashi. Na farko-farkon ba su da kirki a manyan zanguna, amma kafin shekarun 1960 su yi nisa an sami masu kama gajeren zango da batir ɗin tocila. Wannan ya zo daidai da buɗewar tashoshin Hausa. A Kano tun 1944 aka sami rediyon waya, akwatin da hukuma ke jawo wa waya har gida, ba ka da zaɓi sai abin da aka sako. Ranar 13 ga Maris 1957 BBC ta fara Hausa da shirin minti 15 a muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Rediyon Nijar ya fara a 1958, na Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. A ɗaya ɓangaren kuma an tono mai a Zaltan a 1959, Libiya ta fara fitar da shi a 1961, ta koma ƙasar da ke neman hannun ma'aikata. Farin shekarun 1973 da 1984 ya koro mutane daga Damagaram da Maraɗi da Tawa da arewacin Nijeriya, suka bi tsohuwar hanyar ayari a bayan manyan motoci. Sabha ce babban gari na farko da ake sauka. Lebura a wurin gini, mai gadi, mai aikin gona a bayan gari, mai shayi, da yawansu rediyo na cikin kayan da ba sa rabuwa da shi. Da asuba ko bayan isha'i a zaro eriya, a juya ta, a murɗa a hankali har muryar Landan ko ta Kaduna ta fito daga cikin shuuu ɗin. Gwamnatin Gaddafi ta san da wannan kunnen. Bayan ta juya fuskarta ga Afirka a ƙarshen shekarun 1990, tasharta ta Muryar Afirka ta riƙa watsa shiri da Hausa tare da Suwahili da Faransanci da Ingilishi.

Inda lissafin Nyquist da Friis ya zama komai shi ne can sama, a zangon gigahaz. A nan tsawa ba ta kaiwa, hucin taurari ya yi ƙasa, eriyar da ta kalli sama tana ganin sanyin da bai wuce 'yan gomomin Kelbin ba. Duk sauran hayaniyar ta amfilifaya ce. Lokacin da aka harba tauraron Telstar a 1962, tashoshin ƙasa sun yi amfani da wata na'ura mai suna meza, wadda ake tsoma dutsen yaƙutu cikin ruwan iskar hiliyam mai sanyin Kelbin 4. Da irinta ne Arno Penzias da Robert Wilson suka yi ta neman tushen wata ragowar hayaniya ta kimanin Kelbin 3.5 a eriyarsu ta Holmdel a Amurka, har suka kori tantabarun da suka yi sheƙa a ciki suka wanke kashinsu, hayaniyar ba ta tafi ba. A 1965 aka gane ragowar zafin farkon halittar sararin samaniya ce, suka sami kyautar Nobel a 1978. Amma na'urar da ke bukatar hiliyam da ƙwararrun masu kula da ita ba ta hawa rufin kowa.

Wanda ya kawo ta rufin talaka shi ne Takashi Mimura na kamfanin Fujitsu a Japan, da tiransiston da ya ƙirƙiro tsakanin 1979 da 1980, wanda ake kira HEMT. A tiransisto na yau da kullum, ilektiron na gudu ne a cikin sashen da aka barbaɗa wa wasu ƙwayoyi don su samar da shi, yana gudu yana karo da su, kuma kowane karo hayaniya ne. Mimura ya shimfiɗa sinadari biyu bisa juna, ya sa ƙwayoyin a na sama, ilektiron ɗin suka gangaro suka taru a saman na ƙasa mai tsabta, inda suke gudu ba abin tuntuɓe. Masu nazarin taurari a Nobeyama ta Japan suka fara gwada shi a tsakiyar shekarun 1980. Kafin shekarun su ƙare ya shiga kasuwar satalayit, faranti ya fara ƙanƙancewa. Waɗanda suka ga manyan farantai masu faɗin mita biyu ko uku a gidajen attajiran Kano a wancan lokaci sun ga yadda daga baya na santimita 60 zuwa 90 ya hau kan kowane shago. An harba Arabsat na farko a 1985, Aljazira ta fara a Nuwamban 1996, Nilesat na Masar ya tashi a 1998, rufin gidajen Sabha ya cika da farantai.

Ɗan abin nan da ke kan sandar faranti, wanda masu haɗa dish ke kira LNB, ya cancanci a buɗe shi a duba. In aka cire murfin roba, akwai ɗan bututun ƙarfe mai baki kamar mazurari, a cikinsa ƙananan allurai biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, su ne ainihin eriyar. Kowace allura tana shiga allon da ke baya, kuma kafin a yi tafiyar santimita ɗaya an iske tiransiston farko, ɗan ɗigo mai ƙafa huɗu da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Layukan tagullar da ke kewaye da shi, wasu masu kauri, wasu sirara, wasu da 'yan rassa da ba su kai ko'ina ba, su ne haɗin da Bode da Fano suka yi wa lissafi. An zana su ne don tiransiston ya yi shiru tun daga gigahaz 10.7 har 12.75, faɗin da ya haura megahaz 2,000. Tauraron yana nisan kilomita 35,786 bisa layin da ya raba duniya biyu, kuma abin da farantin ke tarowa daga hanya guda bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin tiriliyan na wat ba. Ana ninka shi sau dubu ɗari ko fiye, a sauko da shi zangon megahaz 950 zuwa 2,150, sannan a sake shi cikin kebul. Gargaɗin Friis ne ya sa aka ɗora duk wannan a rana da ƙura maimakon a ajiye shi a ɗaki kusa da talabijin. Masu saye su lura da wani abu. Kwalaye da yawa a kasuwa na ɗauke da rubutun cewa hayaniyar abin desibel 0.1 ce. Wannan daidai yake da Kelbin 7, abin da ba a samu a wannan zango sai da na'urar sanyaya. Na kirki yana wajen rabin desibel zuwa ɗaya, kuma ya isa. Abin da ya fi ɓata hoto shi ne faranti da ya karkace, da mahaɗin da ba a naɗe shi da kyau ba.

Mutum zai zaci zafin hamada zai kashe irin wannan na'ura da hayaniya. Ba haka lissafin ya nuna ba. Daga digiri 17 zuwa 47 a ma'aunin da muka saba, a Kelbin daga 290 ne zuwa 320, ƙarin kusan kashi goma cikin ɗari kawai. Sabha ma tana da sa'ar da Kano ba ta da ita, domin ruwan sama ne babban abokin gaban wannan zango, shi ya sa hoto ke daskarewa in hadarin Agusta ya haɗo. Abin da ba ya barin kowa shi ne rana. Sau biyu a shekara, wajen Maris da kuma ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, takan tsaya daidai bayan tauraron na 'yan mintuna, farantin ya kalle ta kai tsaye, hayaniyarta ta binne siginan.

A 2011, lokacin tawayen da aka yi wa Gaddafi, da aka katse intanet a Libiya a farkon Maris, farantan nan da wayoyin tauraron ɗan'adam na Thuraya su suka rage wa mutane, har dakarun 'yan tawaye suka shiga Sabha a ƙarshen Satumba. Bayan haka hanyar Agadas zuwa Dirku, Madama, Tummo, Gatrun, Sabha ta cika da ƙananan motocin a-kori-kura masu ɗauke da mutane. Dokar da Nijar ta kafa a 2015 kan safarar baƙin haure ta sa direbobi barin hanyar rijiyoyi suna yankar daji, kuma a irin wannan tafiya ran mutum talatin kan rataya ne a kan GPS da Thuraya. Siginan GPS yana sauka daga nisan kilomita 20,200, kuma lokacin da ya iso ƙasa ya fi hayaniyar Johnson ta zangonsa rauni. Amfilifayar da ke bayan eriyar wayar ce ke riƙe shi kada ya ƙara nutsewa, sannan lissafi ya tsamo shi. Inda aka rasa wannan, ko mota ta lalace babu hanyar kira, sakamakon sananne ne. A farkon Yunin 2017 an ruwaito mutuwar mutum 44 da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku, har da mata da jarirai. A Afrilun shekarar hukumar ƙaura ta duniya ta ba da rahoton sayar da mutane a Sabha, inda masu tsare su ke miƙa musu waya su kira gida a turo kuɗin fansa. An soke dokar ta Nijar a Nuwamban 2023.

Yau hayaniyar da ta fi damun mai sauraro a cikin gari ba daga sama take ba, kuma ba daga tiransisto ba. Cajar waya mai araha, inbata ta sola, ƙwan lantarki na zamani, janareta, duk suna fesa tartsatsi a gajeren zango, har tashar da kakanni suka ji sarai da ƙaramin rediyo ta gagari jikoki da rediyon da ya fi shi kyau. A gefe guda kuma ƙofar sana'ar ta buɗe fiye da kowane lokaci. Tun 2012 masu sha'awa suka gano cewa wani ɗan maƙalin kwamfuta da aka yi don kallon talabijin yana iya zama rediyon da ke kama komai daga wajen megahaz 24 zuwa 1,700. Ɗalibi a Jami'ar Sabha ko Bayero ko Ahmadu Bello, ko yaron shago a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da ya riga ya iya riƙe ƙarfen narka dalma, zai iya haɗa masa amfilifaya ya ga jiragen sama da hoton gajimare daga tauraro a kan allonsa. Ina ganin asara ce a bar hannayen da ke cire tiransiston da bai kai ƙwayar shinkafa ba suna canzawa kullum, ba tare da an koya musu lissafin da ya sa aka dasa shi a wurin ba.

Tambayar farko da irin wannan ɗalibi zai fuskanta ita ce inda zai sa mataci, na'urar da ke tace tashoshin da ba a so. In ya sa shi gaban amfilifaya, asarar matacin ta hau kan hayaniyarsa kai tsaye, kamar yadda Friis ya nuna. In ya sa shi a baya, amfilifayar ta sha duk abin da ke iska. A tsakiyar Kano, inda tashoshin FM suka yi yawa tun bayan buɗe gidan rediyon Freedom a 2003, dole mataci ya zo farko, in ba haka ba cakuɗinsu zai rufe komai. A gonakin bayan Sabha, inda mai watsawa mafi kusa ke da nisa, amfilifaya ce za ta fara, a ɗaure ta a jikin eriyar, a aika mata lantarki ta cikin kebul ɗin da zai sauko da siginan.